Kwana Huɗu a Aljihun Keken Ɗinki

Idon ƙanwata na fara gani. Muna zaune a falona bayan azahar, ina yanke zare a bakin wata abaya, ita kuma ta jingina da bango tana taunar ƙanƙara ƙurus-ƙurus kamar mai cin aya. Ta ɗago kai za ta yi mini magana, sai hasken taga ya sauka a fuskarta. Farin idon nan ya koma ruwan ɗorawa. Na ajiye almakashi na ce, "Auta, zo nan." Ta ce, "Haba Yaya, da wannan cikin? Ke ki taso mana." Na je na gwale mata ido, na juya tafin hannunta, gabana ya yanke ya faɗi. Shawara ce, ga cikinta wata bakwai.

Ni na raine ta. Shekara goma sha huɗu na ba ta, kuma tana da shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, don haka a bayana ta ƙarasa girma. A Kafanchan muka tashi, inda babanmu ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Aure ya kawo ni Makka, na kafa keken ɗinkina a unguwar Tandabawi, a wani gida mai hawa uku can saman dutse, inda sai ka yi ta hawan matakala har numfashinka ya ɗauke kafin ka kai ƙofa. Da Auta ta isa aure ban zauna ba sai da Allah ya haɗa ta da ɗan masu gidan, direban bas ne tsakanin Makka da Madina, haifaffen nan, kakanninsa mutanen Kano ne da suka zo aikin Hajji a ƙafa ba su koma ba. Ni ina ƙasa, su suna hawa na biyu, uwarsa Hajiya tana can sama. Shekara biyar ƙanwata ta yi ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai wannan cikin.

Hajiya kuwa sai na faɗi halinta, don ba za a gane abin da na yi ba sai an san ta. Ranar bikin, mata cike da ɗaki, ta dube ni ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci, "A ina kuka ce kun tashi? Kafanchan? Ya'ani ba can ne ake cin kasuwar alade ba?" Mata suka kwashe da dariya. Ni da kowa ya sani ba a taka ni in yi shiru, ranar haɗiye maganata na yi saboda yarinyar da ke lulluɓe a kan gado. Gaskiya ne akwai kasuwar, muna yara mun sha ganin ana kora aladun, mu toshe hanci mu ruga gida. To sai me? Amma daga ranar, duk abincin da muka aika sama sai Hajiya ta tambayi inda aka sayo naman. Shekara biyar tana tambaya, ni kuma shekara biyar ina cizon leɓe.

A kan shawarar nan ce kaɗai bakinmu ya taɓa zuwa ɗaya da ita. Ta sauko ta duba idon, ta ce, "Kada wanda ya kai ta asibiti a tsira mata allura. Mai shawara in aka yi masa allura, halas, shi ke nan, sai dai a ɗauki gawa." Na ce, "Wallahi Hajiya haka yake, haka muka taso muka ji." Da gaske nake, ba don in faranta mata ba. Na nemo saiwar rawaya wajen wata tsohuwa mai kayan gargajiya, na jiƙa. Muka hana ta mai da nama, muka cika ta da rake da ruwan Zamzam. Ƙanƙara kuwa ban hana ta ba, don tun cikin yana wata uku ita kaɗai take kwaɗayi, kuma ni ce mai yi mata, kofuna shida kullum a cikin firizata.

Jikin bai yi sauƙi ba. Abin da ta sa a baki sai ya dawo, fitsarinta ya yi duhu kamar baƙin shayi, ta riƙa dafe gefen cikinta na dama. Da ranar awonta ta zo na raka ta mustausaf, ƙaramin asibitin unguwa, na tsaya a kanta kamar ɗan sanda. Da likitan ya ce za a ɗebi jini na auna maganar, na ce a raina ai ɗiba fitarwa ce ba zubawa ba, ba ita ce allurar da ake tsoro ba. Na yarda aka ɗiba. Ya ce gwajin ba a nan ake yin sa ba, a dawo bayan kwana uku a karɓi sakamako.

Ranar Lahadi da hantsi na je ni kaɗai, don ita ba za ta iya matakalar ba, mijinta kuma yana Madina da fasinja. Likitan yana da layi har waje. Ya duba takardar, ya ja layi a ƙarƙashin wasu haruffa uku na boko, ya yi mini Larabci da sauri. Abin da na tsinta shi ne ciwon hanta ne, wanda ake kira da harafin E, kuma ya fi tsananta ga mai juna biyu. Ya ƙwanƙwasa tebur da biro ya ce, "Ki kai ta babban asibiti yau. Yau, ba gobe ba." Na ce to. Wallahi da niyyar kai ta na fito.

A inuwar wani shago na tsaya ina jiran mota, sai na ce bari in ga wane irin ciwo ne wannan. Na yi makaranta har aji uku na sakandare, ina iya lalubo Turanci. Na fito da waya na rubuta haruffan nan uku yadda suke a takardar. Abin da ya fara buɗewa hoto ne. Aladu, farare tas, jere a cikin wani dogon shingen ƙarfe, sun fi a ƙirga. Na ɗauka kuskure na yi, na goge na sake rubutawa. Suka sake fitowa. Na bi rubutun da yatsa ina haɗa kalmomi. Wai ƙwayar cutar tana yawo a gonakin da ake kiwon aladu, 'ya'yan suna ɗauka tun suna 'yan watanni daga kashin junansu, ba sa ma nuna alamar ciwo, tana zaune a hantarsu, mutum kuma yana kamuwa in ya ci naman ko hantar da ba ta dahu ba.

A nan na tsaya. Rubutun yana da tsawo, ya gangara ƙasa sosai, amma ban gangara ba. Na kife wayar a ƙirjina, na waiga dama da hagu ko wani ya leƙo ya gani. Ana zafin da kwalta ke narkewa amma ni sanyi nake ji har cikin haƙora. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ciwon alade, a Makka, a jikin ƙanwata, daga nan ana hango hasumiyar agogon Harami. Mota ta tsaya a gabana ta yi ta hon, ban ma san ta tafi ba.

Ba mutuwa na fara tsoro ba, kuma wannan ne abin da har yau nake jin kunyar faɗa. Muryar Hajiya na fara ji. Na ga an kai takardar babban asibiti, an kira mijin an yi masa bayani, shi kuma ya hau sama ya gaya wa uwarsa. Na ga maganar ta sauka matakalar Tandabawi ɗaya bayan ɗaya, ta shiga gidajen suna da gidajen biki, ta kai unguwannin Ka'akiyya da Utaibiyya wajen danginsu kafin la'asar. 'Yan Kafanchan ɗin nan, ashe dai da gaske ne. Wa zai sake cin abincin hannunta? Yaron da za ta haifa da wane suna za a riƙa kiransa a bayan ido? Na ninke takardar gida huɗu, na tura ta cikin rigata, na hau dutsen nan da ƙafa.

Da na shigo Auta tana kwance a kan doguwar kujerar falona, fuskarta wajen bango, na ɗauka barci take. Na jawo ɗan aljihun keken ɗinki a hankali, inda nake ajiye allurai da ƙananan maɓallai, na cusa takardar can ƙarshe na rufe. Da ta juyo ta ce, "Yaya, me suka ce?" Na ce, "Shawara ce dai, kamar yadda muka faɗa. Sun ce a ci gaba da abin da ake yi." Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce, "To." Ba ta ƙara tambaya ba.

Kwana huɗun da suka biyo baya ban san me zan kira su ba. Na zama kamar mahaukaciya a cikin gidan. Na hau ɗakinta na zazzage kicin ɗinta kaf, ina karanta bayan kowane gwangwani da kowace leda. Na zubar da alewar roba da take so, don na taɓa jin ana cewa da kitsen alade ake haɗa wasu. Na zubar da naman gwangwani, da cukwi, har da wani man shafawa da mijinta ya sayo mata. Na titsiye ta da tambaya: wa ya ba ki wani abu kika ci? Kin ci abincin mahajjatan waje? Tsarabar da aka kawo daga gida, wa ya gasa kilishin? Tana amsawa da ƙyar, idonta a rufe. Da ta ce mini, "Yaya, ki bar ni mana," sai na daka mata tsawa na ce ba zan bar ta ba. Yarinyar da ba ta iya ɗaga kofi, ita nake wa tsawa.

Tsakanin wannan da wancan sai in koma ga jiƙon rawaya, in ɗura mata, ta amayar, in sake ɗurawa. Ina cewa a raina in idon ya washe shi ke nan, ba wanda zai taɓa sanin sunan ciwon, sai in ƙona takardar. Kullum da safe in ja ta bakin taga in gwale idon. Kullum ya fi na jiya. Maigidana ya ce mini, "Anya ba za a koma asibiti ba?" Na ce masa ya yi harkar gabansa, me ya sani a kan ciwon mata. Hajiya tana saukowa da tofi a kofi tana yaba mini, wai a karon farko ta ga ina da hankali. In na zauna kan keken sai gwiwata ta riƙa taɓa aljihun nan, in ji kamar na taɓa garwashi. Ɗinki ko ɗaya ban gama ba.

Ranar Laraba ta daina ƙorafi, na ma ji daɗi, na ce sauƙi ne ya fara zuwa. Ta kira ni ta ce in ɗauko mata akwatin kayan jariri. Ta fito da 'yan rigunan da na ɗinka ɗaya bayan ɗaya, tana shafawa tana ninkewa. Ta ce, "Wannan mai ruwan hoda ita za a fara sa mata, in mace ce." Ta cire 'yan kunnenta na zinare ta sa a tafin hannuna ta ce in ajiye. Ta ce in yafe mata rashin jin da ta yi mini tana ƙarama. Na ce, "Ke dalla rufe mini baki, wane irin zance ne wannan da rana tsaka?" Ta yi murmushi ta koma ta kwanta.

Ranar Alhamis da safe na kawo mata kunu na tarar tana zaune tana kallon ƙofa. Na ce, "Auta, karɓi." Ta ce, "Inna, jirgi ya iso ne? Baba bai dawo ba." Inna ta shekara ashirin a ƙasa. Kofin ya suɓuce daga hannuna. Na kama hannayenta na ɗaga, sai suka riƙa karkaɗawa da kansu kamar fiffiken kaza, wani wari-wari mai zaƙi yana fita daga bakinta, dasashinta yana tsattsafo da jini. Na girgiza ta ina kiran sunanta, ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

A nan duk wani tsoron Hajiya da na mutanen unguwa ya fita daga kaina, na ga abin da ya kamata in gani tun Lahadi, wato yarinyar nan mutuwa take yi a hannuna. Na fizge aljihun keken har ya fito gaba ɗaya, allurai da maɓallai suka watse a ƙasa, na ɗauki takardar. Na fita ƙofa ba ko mayafi ina kururuwa. Motar asibiti ba ta iya hawowa dutsenmu, sai maƙwabta maza huɗu suka ɗauko ta a cikin bargo suka sauko da ita matakalar nan. Hajiya tana biye da mu tana ihu, "Kada ku bari a yi mata allura! Za ku kashe mini jika!" Na juyo a tsakiyar matakala na ce, "Hajiya, ko allura ɗari ce a yi mata." Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

A babban asibiti suka karɓe ta da gudu suka shige da ita, suka rufe ƙofa a fuskata. Can sai wata likita ta fito, 'yar Sudan, dattijuwa mai tabarau a wuya, takardar tana hannunta. Kafin ta buɗe baki na riƙe hannun rigarta na ce, "Duktura, wallahi tallahi ba ta taɓa cin alade ba. Ni na raine ta. Ko warinsa ba ta so." Ta dube ni ta ce, "Wa ya yi maganar alade?" Na nuna mata wayata. Ta duba hoton, ta ja dogon numfashi, ta zaunar da ni a kan benci.

Ta yi mini bayani a hankali, da Larabcin da zan gane. Ta ce gaskiya ne akwai irin da ke jikin aladu, a ƙasashen da ake kiwonsu ake cinsu. Amma ciwon ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi kama mutanenmu, wanda kuma yake kayar da masu ciki haka, ta ruwa yake zuwa, ruwan da ƙazantar bayan gida ta shiga. Ta sa yatsa ta gangara da rubutun da ke wayata, ƙasa kaɗan da inda na tsaya, ta ce, "Ga shi nan ma an rubuta." Layi nawa ne tsakani? Bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ta tambaye ni wane ruwa muke sha. Na ce na jarka muke saya, tacacce, na famfo wanka da wanke-wanke kawai muke yi da shi. Ta ce babu abin da take sha da na famfo? Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna kofunan nan shida. Ruwan jarka nauyi gare shi a hau da shi dutse, ni kuma a sanina sanyin firiza yana kashe kowace irin cuta, don haka daga famfo nake tara mata. Na faɗa wa likitar. Ta girgiza kai ta ce ƙanƙara ba ta kashe shi, ajiye shi take yi.

Sai ta sa tabarau ta sake duba saman takardar. Ta ce, "Wannan ranar Lahadi aka ba ku. Yau Alhamis. Ina take tun ranar?" Na ce, "Tana wurina." Ta ce, "Me ya sa?" Na sunkuyar da kai. Ba ta zage ni ba, ina ma ta zage ni. Na ce, "Duktura, da na kawo ta ranar, da ba ta kai haka ba?" Ta ce ciwon ba shi da wani maganin da ake ba shi ya tafi nan take, taimakon jiki ake yi har hanta ta farfaɗo, kuma da sun fi son su same ta tun tana gane mutane. Ta ce sauran kuma Allah ne masani. Ta tashi ta koma ciki.

Naƙuda ta taso mata washegari, tana cikin wannan halin, ba ta ma san ana yi ba. Mace ce. Na gan ta ta bayan gilashi a cikin kwalbar jarirai, 'yar mitsitsiya, an jona mata robobi, ƙirjinta yana ɗagawa da sauri-sauri. Kwana ɗaya ta yi a duniya. Uban ya iso daga Madina ya same ta da rai, ya yi mata kiran salla a kunne ta wata 'yar ƙofa a jikin kwalbar. Bayan la'asar aka kai ta Harami, ina tsaye cikin sahun mata na ji an yi shelar sallar gawa, aka ce ta jaririya ce. Dubban mutanen da ba su san ta ba suka yi mata kabbara huɗu. Rigar nan mai ruwan hoda tana cikin jakata, ba a sa mata ba.

Uwar kuwa kwana tara ta yi ba ta san inda take ba. An yi mata ƙarin jini, an yi mata allurai ba adadi, kuma ba su kashe ta ba. Duk lokacin da ƙofar ɗakin ta buɗe sai in miƙe tsaye, in ga ashe mai shara ce. A cikin kwanakin ne aka zo aka buɗe tankin ruwan gidanmu da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda motar ruwa take cikawa da dogon tiyo. Bangonsa ya tsage ta gefen da ke maƙwabtaka da ramin masai, tun wani ruwan sama mai ƙarfi da aka yi makonni kafin nan. Ina tsaye aka haska fitila a ciki, na ga tsagar da idona. Hajiya ma tana tsaye. Ta ce, "Mahaifina ne ya gina tankin nan," ta juya ta hau sama tana dafa bango. Shekara biyar ina tanadin maganar da zan mayar mata, ga dama ta samu, amma ba ni da bakin yi, don ni na tara ruwan a kofi.

Na ɗauki takardar na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya. Na faɗi sunan ciwon, na ce su duba tankunansu, su tafasa ruwa, mai ciki in idonta ya canja a ruga da ita asibiti. Na ce in sun duba waya za su ga aladu, kada su tsaya a nan, su gangara ƙasa. Da bakina na yi ta faɗin kalmar da na ɓoye takarda saboda ita. Wasu sun yi gulma, na sani. Gulmar ba ta kai mako biyu ba aka samu wani zancen aka manta.

An sallamo Auta bayan wata guda, ta rame kamar ba ita ba, gashinta yana zuba. Ta dawo falona tana jinya, a kan kujerar nan dai. Na yi ta jiran ranar da zan iya gaya mata, ina ɗagawa. Wata rana da hantsi ina ɗinki, tana kallona, sai na tsayar da keken na ce, "Auta, akwai abin da ban faɗa miki ba. Takardar gwajin nan, tun Lahadi likita ya ce in kai ki asibiti. Ɓoyewa na yi."

Ta ce, "Na sani, Yaya. A aljihun nan kika sa ta. Ba barci nake ba."

Na ce, "Kin sani? To me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Na ga fuskarki da kika shigo. Na ce a raina an gaya miki mutuwa zan yi, babu magani, shi ya sa kika dawo da ni gida in mutu a wurinki, ba kya so in ji tsoro. Sai na ce ni ma ba zan tayar miki da hankali ba. Shi ya sa na ba ki 'yan kunnen." Sannan ta ce, "Ina kwance ina jin motsinta, ina ba ta haƙuri. Na ce ai da akwai abin yi, da Yaya ta yi."

Na so in bar ta a haka. Wallahi na so. Amma na riga na fara, sai na gaya mata sauran, inuwar shagon, da hoton, da maganar Hajiya ta ranar biki, da gwangwanayen da na zubar. Ina faɗa ina kuka, ita ko hawaye babu. Da na gama ta daɗe tana kallon aljihun keken, sannan ta ce, "Ashe ba don ni ba ne."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ranar ko bayanta. Tana gaishe ni, tana cin abincina, Allah ya ba ta wasu yaran biyu kuma ni na yi mata wankan jego duka. Na mayar mata da 'yan kunnenta ta karɓa ta sa. Amma tun daga ranar, in za ta asibiti ita kaɗai take tafiya, in kuma aka ba ta takarda, a jakarta take sawa, ba ta sake miƙo mini ta ce in duba mata ba.